Laimar da Na Ɗinka wa Surukina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa a gidan yake kira Baba, ya rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Misfala, a Makka. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, gida ya cika ya batse. Aka jera kujeru a lungu, mata suka cika tsakar gida har matakalar bene.

Kowa da irin Baban da ya zo yi wa ta'aziyya. Masu ɗiban ruwa da garwa suka zo a jere, suna cewa sun rasa mai liƙe musu garwa nan take, wanda bai taɓa ce musu su dawo gobe ba. Balaraben da ke gasa burodi a bakin lungunmu ya zauna a ƙasa yana share hawaye da gefen rawaninsa. A cikin mata kuwa na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa Allah ya jiƙan mai roka, yanzu kam unguwa za ta yi barci da ido biyu a rufe. Ban ji haushinta ba, domin ni ma na sha yin wannan tunanin yana da rai.

Ina cikin zuba shayi, wata tsohuwa ta jawo gefen mayafina ta ce, "'Yar nan, wai da gaske har yanzu akwai albarushi a gidan nan?"

Duk cikinmu babu wanda ya tuna. Ɗakin aikinsa yana saman bene, ga kaskon garwashi biyu an ajiye a kan matakala ana dafa shayi, ga turaren wuta ana zagayawa da shi, ga yara suna hawa suna sauka. Na ajiye butar, na aika aka kira mini maigidana daga cikin maza. Da na faɗa masa sai fuskarsa ta canja. Ya je ya raɗa wa Baffa, ƙanen Baba, suka ratsa mata suka hau sama, ni kuma na kwashe kaskon da hannuna na kai bayan gida, ban ko ji zafinsa ba sai daga baya. Baffa ne ya zuba wa gwangwanin albarushin ruwa da kansa har abin ya zama kamar kunu. Maigidana ya ce mini tun da aka yi rasuwar Baffa bai yi hawaye ba sai a lokacin, yana zuba ruwan yana kuka.

Tun daga ranar nake jin ana ba da labarinsa a gutsure. Wasu na cewa taɓin hankali ne, wasu na cewa da aljanu yake aiki. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani, ni da na fi kowa jin tsoron abin nasa.

Ni ba 'yarsa ba ce, matar ɗansa ce. An haife ni a ƙasar Sudan, iyayena suna kan hanyar Hajjin da ta ci musu shekaru, na iso Makka ina budurwa. Shi kuwa Baba ya riga mu da nisa. Ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya yi zama a Sudan yana aiki a inda ake gyaran jirgin ƙasa, sannan ya tsallako ya buɗe rumfa a Misfala. Samkari ne, kamar yadda ake kiran masu aikin gwangwani da dalma a nan. Fitila, buta, garwa, mazirari, duk abin da ya huje ko ya ɓalle wurinsa ake kawowa. Idan yana liƙi ba ya amsa sallama sai ya ɗaga ƙarfen, kuma kowa ya san haka. Yakan ce abin da aka liƙe cikin fushi yoyo yake yi.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. Ba ya kallona, ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina tsaye a gabansa zai dubi jikarsa ya ce a gaya wa Amarya shayin nan ya yi daɗi. Har na haifi uku Amarya nake a bakinsa.

Abin ya faro ne a shekarun da rediyo ba shi da labari sai na harba abubuwa sama, yau an ce waɗancan sun tura mutum ya zagayo duniya, gobe an ce waɗannan sun tura nasu. Dattawa a gahawa, inda maza ke zaman shan shayi, suka rabu biyu, masu cewa ƙarya ce da masu cewa alamar tashin duniya ce. Baba bai shiga gardamar ba. Wata rana aka kawo masa fitila a naɗe cikin shafin wata mujallar Masar, a jiki akwai hoton roka tsaye, fara da ratsin baƙi. Ya warware takardar, ya goge ta da tafin hannu, ya manna a bango. Daga nan sai muka ga yana auna hoton da zare, yana ƙulla alama, yana ninka tsawon a kan katako, don kada tasa ta saɓa wa ta hoton ko da a faɗin hancinta.

Mahaifinsa maharbi ne da ke haɗa albarushin bindigarsa da kansa, don haka Baba ya san wannan aikin tun yana yaro. Gidan ya fara warin farar wuta. Iya, uwar maigidana, ta yi mita har ta gaji. Ni kuwa ba ni da bakin magana, sai dai in kwashe yarana in shige ɗaki duk lokacin da na ji ƙarar turmin nan nasa na katako.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa tun farko, ba zai taɓa kunna ko da ƙaramarsu a cikin iyakar Harami ba. Ya ce garin da aka hana a firgita tattabara, shi ba zai zama mai firgita ta ba. Saboda haka ranar Juma'a bayan asuba sukan fita shi da maigidana a motar wani amininsa mai ɗaukar kaya, su wuce alamun iyaka, su gangara wani kwari ta kudu inda babu gida ko ɗaya, su dawo kafin a tafi masallaci. Safiyar Juma'a ta zame mini azaba. Ina wanki kunnena yana bakin lungu. Idan mota ta tsaya in leƙa, idan yaro ya rugo da gudu in dafe ƙirji.

Abin da nake gudu kuwa ya zo. Wata Juma'a suka dawo da wuri, maigidana ya shigo gaban rigarsa jina-jina, girarsa a tsage, Baba a bayansa ya naɗe hannun hagu da rawani. Rokar da ya yi da gwangwani ce ta fashe tun ba ta bar ƙasa ba. Ta ɗauke masa kan babban yatsa, ɓallin ƙarfen kuma saura kaɗan ya sami idon ɗansa. Ba su je asibiti ba, don gudun tambaya. Iya ce ta wanke raunukan tana faɗa tana kuka. Na tsaya riƙe da kwanon ruwa. Na ce a raina to, shi ke nan, an gama. Da yatsan ya warke sai ya koma ɗakinsa. Abin da ya sauya kawai, bai ƙara sa ƙarfe a jikin roka ba. Ya koma naɗa kwali yana shafa ƙaro, fukafukan kuma ya feƙe su da katako marar nauyi.

Wannan raunin ne ya jawo rigimarsa da Baffa. Baffa mutum ne mai jiki, mai tsabtar riga, yana aiki da masu saukar alhazai, ya san ofisoshi ya san yadda ake magana da hukuma. Ya zo bayan sallar Juma'a, ya ƙi zama, ya tsaya a zaure. Ina bayan labule ina jin komai. Ya tuna wa Baba cewa ana yaƙi a Yaman, duk abin da ya yi ƙara ya tashi sama ido ake sa masa. Ya ce mu baƙi ne komai daɗewarmu, baƙo kuwa ba ya wasa da wuta a gidan mutane. Baba yana ta jujjuya carbi. Sai Baffa ya sauke murya ya ce:

"Yaya, kai da ɗanka takardunku lafiya lau. Yarinyar nan fa? Ranar da askar, jami'an tsaron nan, suka shigo gidan nan, wa za su fara tambaya? Ita za a sa a jirgi, a bar maka jikoki uku suna kuka."

Gaskiya ya faɗa. Iƙamata, takardar izinin zama, ba ta fito ba, ana ta kai da kawo. Idan na hango ɗan sanda a kasuwa sai in sake hanya. Amma da na ji maganar a bakin wani sai na zauna a ƙasa. Baba ya ce da ƙanensa ya gama? Baffa ya ce ya gama. Baba ya ce to a gaida gida. Daga ranar 'yan'uwan nan biyu, da suka ratso daji tare suna samari, suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Idan sun haɗu a masallaci sai gaisuwar hannu, kowa ya kama gabansa.

Na zaci taurin kai ne ya hana shi amsawa. Amma Juma'a ta zo mota ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Warin farar wuta ya bar gidan, kwaɗo ya bayyana a ƙofar ɗakin sama. Yakan dawo daga rumfa ya zauna a tsakar gida hannu biyu a kan gwiwa, kamar wanda aka sallama daga aiki. Sai da aka daɗe Iya ta faɗa mini cewa ya yi rantsuwa ba zai buɗe ɗakin ba sai takardar Amarya ta fito, kuma ya hana ta gaya wa Baffa, don kada ya ce ya yi nasara. Fiye da shekara ɗakin yana rufe.

Ranar da maigidana ya shigo da takardar, Baba ya dubi jikarsa ya ce a yi wa Amarya barka. Washegari da sassafe ina hura wuta na ji ƙarar kwaɗo a sama. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, duk da na san fargabar Juma'a ta dawo.

Kafin ya sake fita harba roka, ya ɗauki wata ƙaramar roka da babu komai a cikinta, ya sa babbar riga, ya tafi wurin umda, mai unguwarmu, ya nuna masa. Na wuni ranar ban ci abinci ba. Ya dawo ya ce umda ya jujjuya ta ya yi dariya, ya ce a yi nesa da hanya, a yi nesa da mutane, kada a taɓa yi lokacin Hajji, sannan kuma shi bai ga komai ba.

A nan ne ya shiga yin masu gaɓa-gaɓa kamar rake. Yadda ya bayyana wa yara, gaɓar ƙasa ce ke ɗaga duka, idan wutarta ta ƙare sai ta kunna ta samanta ta saki, ta faɗo, ta saman ta ci gaba ba nauyi. Ya ce haka su ma suka zo, jaki ya kawo su wani wuri ya tsaya, mota ta karɓa, jirgin ruwa ya ƙarasa. Mai gaɓa biyu ta ba shi wahala matuƙa. Wani lokaci ta saman ta ƙi kamawa, wani lokaci ta kama bayan rokar ta riga ta sunkuya, sai ta tafi a kwance. Maigidana yana ba ni labarin nan cikin nishaɗi, ni kuwa ina lissafa inda suke tsaye.

Da ta yi daidai kuma sai wata matsalar ta ɓullo. Abin da ya yi nisa sama da ƙarfi yake dawowa. Wata Juma'a gaɓar sama ta sauko da tsininta kamar mashi, can bayan tudu, ta faɗa cikin garken wata Balarabiyar ƙauye mai kiwo, ta kashe ɗan akuya nan take. Matar ta biyo su da sanda tana zage-zage. Baba ya tsaya ya sunkuyar da kai har ta gama, washegari ya kai mata tunkiyar da Iya ke kiwo, ya kuma kwaso tukwanenta da suka huje ya liƙe. Su a wurinsu magana ta wuce. Ni kuwa maigidana ya yi kuskuren gaya mini cewa akwai ƙaramar yarinya a cikin garken, tana rungume da wani ɗan akuyan. Na yi kwanaki ina ganin yarinyar nan da ban taɓa gani ba. Ga babban ɗana ya fara naci sai an tafi da shi.

Na san ba zan iya hana shi ba. Baffa ma da yake ɗan'uwansa ya kasa. Sai na ce wa Iya ta gaya masa, tun da dole sai abin ya hau, to a nemi yadda zai sauko a hankali. Ashe shi ma abin da ke hana shi sukuni ke nan. Ya ga hoton laimar sauka, irin wadda ake dirowa da ita daga jirgin sama, ya gwada yin ta da ƙyallen buhu, ta ƙi buɗewa. Hannun da ya saba da almakashin gwangwani bai san yadi ba. Ni kuwa ɗinki ne sana'ata.

Bayan Hajji alhazai kan zubar da laimominsu da suka karye, tituna duk su ne. Na sa yara suka tsinto mini, na farke yadin, baƙi da fari, na wanke, na yanka shi ƙusurwa-ƙusurwa na haɗa kamar hula, na ɗaura zaruruwa a baki. Muka shiga gwaji. Ina saman bene ina sako laima da dutse a ɗaure, shi yana tsakar gida yana kallo. Da farko jikarsa ce ke kai saƙo, a ce wa Amarya zaren ya yi gajere, a ce wa Baba naɗin ne bai yi ba. Yarinya ta gaji da hawa da sauka ta gudu wurin wasa. Aka bar mu mu biyu, shi a ƙasa ni a sama. Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce, yana kallon bango, "Amarya, ki huda tsakiyar kaɗan, iska ta sami hanya." Na ce to, Baba. Daga ranar muka fara magana, kodayake bangon bai daina shan kallo ba.

Babbar tasa mai gaɓa uku ta ci masa kusan shekara. Ta fi ƙofar ɗaki tsawo, fara sol da ratsin baƙi kamar ta hoton, har ƙananan layukan jikinta ya zana da gashin kaza. Kowace gaɓa da laimarta, ta saman ita ce mafi girma da na taɓa ɗinkawa. Ana gobe za a fita ya ce mai laima sai ta zo ta ga aikinta. Iya ta ce ita ko da kuɗi ba za ta je ba. Ni ma ban so zuwa ba, amma na ga zaman jira a gida ya fi kashe ni.

Bayan asuba suka sauko da ita a naɗe cikin tabarma, maigidana ta kai, mai motar ta ƙafa. Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya ja ya tsaya, ya fara salati yana tambayar wa ya rasu. Muna cikin ba shi haƙuri sai ga Baffa ya ɓullo daga bakin lungu da farar rigarsa. Ban san wa ya gaya masa ba, ina zargin Iya. Bai gaida kowa ba, ya buɗe gaban mota ya shiga. Abin da ya ce kawai, in dai kamun ne, gara a yi shi da wanda ya iya magana.

A hanyar fita gari akwai wurin da askar ke tsayawa. Aka ɗaga mana hannu. Takardata tana ƙulle a gefen zanena, amma sai da na dafe ta. Askar ya zagayo baya, ya ɗaga bakin tabarma, ya ga farin tsini, ya ja da baya ya tambayi mene ne wannan. Kafin Baffa ya buɗe baki Baba ya ce da Larabci, saruk ne, wato roka. Na runtse ido. Baffa ya diro daga mota, ya shiga zuba Larabcin nan nasa mai santsi, yana ƙwanƙwasa jikinta don a ji kwali ne, yana cewa wasan tsoho ne da jikokinsa, umda ma ya sani. Askar ya daɗe yana kallon Baba, yana kallon guntun yatsansa. Daga ƙarshe ya saki tabarmar ya ce mu yi nisa sosai. Mun yi tafiya mai tsawo, sai Baffa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaya, a duk kalmomin duniya ita kaɗai ka samu?" Baba ya ce to ai sunanta ke nan.

Kwarin fili ne na tsakuwa tsakanin duwatsu baƙaƙe. Sai da Baba ya sa maigidana ya hau tudu ya duba ko'ina, ya tabbatar babu garke babu tanti. Suka kafa doguwar sanda, suka zura rokar a jiki ta tsaya. Baba ya kora mu bayan wani ƙaton dutse, ya yi bisimilla, ya kunna dogon lagwani, ya tako ya same mu. Muka ga hayaƙin lagwanin yana tafiya a ƙasa har ya shige ƙarƙashinta. Sai shiru.

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Tana tsaye, ba ta tashi ba, ba ta mutu ba. Maigidana ya yunƙura zai je, Baba ya damƙe masa hannu. Ya ce a jira. Muka jira har rana ta fara cizo, gumi yana bin bayana. Maigidana ya sake cewa bari ya duba, ƙafarsa ta fi sauri.

"Zauna," in ji Baba. "Kai kana da ƙanana. Ni nawa sun girma."

Ya tafi da ɗingishinsa na ciwon gwiwa. Baffa ya kama karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Na ga tsohon ya durƙusa a gindinta, fuskarsa dab da inda wutar za ta fito, yana zaro tsohon lagwanin. Na tuna rigar maigidana ranar da gwangwani ya fashe. Na so in kau da kai, wuyana ya ƙi. Ya sa sabo, ya kunna, ya miƙe da ƙyar, ya juyo. Ba ya iya gudu. Baffa, da duk jikin nan nasa, ya fita a guje ya tare shi, ya cicciɓo shi kamar yaro, suka faɗo bayan dutsen tare.

Ƙarar ba irin ta fashewa ba ce, kamar ana yaga sabon yadi ne a cikin kunnenka. Ta bar sandar ta miƙe sak, farin hayaƙi a bayanta. Can sama ta yi tari, gaɓar farko ta saki, ta biyu ta kama. Ta ƙara nisa har ta koma kamar allura. Ta biyu ta saki. Sai ta uku ta yi jinkiri, na ji Baba ya ja numfashi ya riƙe. Idan ta sunkuya kafin ta kama, kanmu za ta iya dawowa. Sai ga wani siririn hayaƙi ya ƙara miƙewa sama, daga nan ba mu sake ganin komai ba.

Ƙananan laimomin biyu suka buɗe suka sauko nan kusa, ban ko dube su ba. Duk mun ɗaga kai muna neman ta ukun, rana tana kashe ido. Na shiga tuhumar kaina, ko na matse naɗin, ko zaren ya harɗe, ko akwai wata yarinya bayan wancan dutsen da maigidana bai hango ba. Baffa ne ya fara nunawa da yatsa. Wani ɗigo, baƙi da fari, yana lilo a hankali kamar ba shi da niyyar sauka. Na zauna a kan tsakuwa na rufe fuska da mayafi. Da na buɗe, na ga 'yan'uwan biyu suna tafe wajen da za ta faɗa, Baffa riƙe da hannun yayansa, suna gardamar ta wane gefe iska za ta kai ta. Ranar a kwano ɗaya suka ci abincin rana.

Bai sake yin mai girmanta ba. Gwiwa ta matsa masa, ga tari da ya kama shi. Ciwon ajalinsa 'yan kwanaki ne. Ana jibi zai rasu na kai masa kunu, Iya ta fita, ya yi mini alama in zauna. Ya daɗe yana numfashi kafin ya ce:

"Amarya, na tsorata ki da yawa a gidan nan."

Na so in ce a'a, kamar yadda ake yi wa manya. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce in yafe masa, na ce na yafe duniya da lahira, ni ma ya yafe mini. Ya ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Na ɗauki kwanon zan tashi, sai ya ƙara da cewa:

"Kin zaci ke kaɗai ce? Ban taɓa kunna lagwani ba sai gwiwoyina suna kaɗawa. Da ranar da tsoron ya bar ni ta zo, da na daina, don ranar zan kashe wani."

Shekaru ina zaton shi ba ya jin komai, ni ce aka bar wa fargabar gidan duka. Na fita da kwanon na tsaya a bayan ƙofa, na daɗe a wurin.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka amintar da shi daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Mu da muka saura, ka sa mu cika da imani. Amin.